Gare ku matasanmu na Hijaz: da wa kuka tsaya a fim ɗin nan?

Assalamu alaikum, ƙannena maza da mata mazauna Jidda da Makka da Madina, da duk wanda wannan rubutu ya iske. Maganata a kan fim ɗin nan ce da ya zagaya wayoyinku a 'yan kwanakin nan, wanda aka yi da ƙaramin jari, labarin wani mutum mai shiru-shiru da yake bin mata yana yi musu kisan ɗauki ɗai-ɗai, maƙwabtansa kuwa suna gaishe shi kowace safiya ba su san wainar da yake toyawa ba. Ba zan ambaci sunan fim ɗin ba, domin ba na son in zama ɗan tallansa, kuma ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganganun da suka fito daga bakunanku bayan kun gama kallo.

Wasunku sun ce ɓata lokaci ne kawai, fim ɗin talauci, babu tseren motoci babu harbe-harbe, daga ɗaki sai madafa sai wani titi mai duhu. Wasu kuma sun ce kwana biyu ba su iya kashe fitila ba idan za su kwanta. Duka waɗannan ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka tayar mini da hankali su ne samarin da suka yanko fuskar makashin suka sa a sitatus, suka ɗora masa kiɗa, suka rubuta "namijin duniya" ko "wannan akwai ƙwaƙwalwa" a ƙasan hoton, da 'yammatan da suka amsa musu cewa su dai sanyin halinsa ya burge su. A cikin dukan wannan surutu ban ji wanda ya tuna sunan ko mace ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe a fim ɗin ba, alhali an faɗi sunayensu.

Na san kun taso a wani zamani da ba irin na yayyenku ba. Kusan shekara 35 ƙasar nan ta Saudiyya ta yi babu gidan silima, sai a Disamban 2017 aka ɗage hanin, aka buɗe na farko a Riyad a watan Afrilun 2018, Jidda ta samu nata a 2019. A can akwai mai duba tikiti a bakin ƙofa, kuma hukuma ta rarraba finafinai bisa shekaru, wanda aka rubuta wa R18 ba a barin yaro ya shiga. Amma wannan fim ba a silima kuka gan shi ba. A istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, kuka kalle shi daren Alhamis, ko a waya cikin bargo, inda babu mai tambayar shekarun kowa, kuma ƙanenka ɗan shekara goma sha ɗaya yana leƙowa ta bayan kafaɗarka.

Masu raina fim ɗin saboda arharsa ba su lura cewa arhar ce makaminsa ba. Daraktan da ba shi da kuɗi ba zai iya ɗaukar fitattun 'yan wasa ba, sai ya kawo fuskar da ba ka taɓa gani ba, ita kuwa baƙuwar fuska ba ta tuna maka cewa wasa ake yi, sai ka ga kamar mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne da ya zo gidanku makon jiya. Ba shi da kuɗin fitilu da kiɗa, sai ya bar ka da hasken ƙwan lantarki ɗaya da ƙarar firiji da numfashin mutum. Ba shi da kuɗin haɗa jini da raunuka, sai ya rufe ƙofa ya bar ka a waje kana jin motsi, zuciyarka ta ƙarasa zana abin da bai nuna ba, kuma abin da zuciya ta zana da kanta ya fi wuyar gogewa. Mafi muhimmanci, tunda 'yan wasansa kaɗan ne, dole kyamara ta manne wa mutum ɗaya daga farko har ƙarshe. Da shi kake tashi, da shi kake shan shayi, da idonsa kake kallon matar da ke tsallaka titi, har ka wayi gari idan ɗan sanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa gabanka ne yake faɗuwa, kana fatan kada a buɗe ɗakin baya. Wannan dabara tsohuwa ce. A tsakiyar shekarun 1980 wani darakta mai suna John McNaughton ya ɗauki irin wannan fim a birnin Shikago na Amurka da kuɗin da bai wuce dala 110,000 ba, hukumar tace finafinai ta can ta ba shi alamar X, wato na manya zalla, bai samu fita kasuwa sosai ba sai 1990, kuma abin da ya firgita masu kallo shi ne yadda aka nuna kisa kamar wani aikin yau da kullum, babu wa'azi babu hukunci a ƙarshe. Darakta mai hankali yakan sa ka a wannan kujera ne domin ka tsorata da kanka idan ka farga inda ka zauna. Wanda ya tashi daga kujerar yana tafi da yabo, tarkon ya kama shi bai sani ba.

Ni ba malami ba ne, fatawar kallo kuwa ku nema a wurin ma'abotanta. Amma ba zan ce ba da labarin kisa laifi ne a kan kansa ba, tunda Alƙur'ani ya ba mu labarin kisan farko a bayan ƙasa a Suratul Ma'ida, daga aya ta 27 zuwa ta 31. Ku koma ku karanta ku ga yadda aka tsara shi. Makashin kalma kaɗan ya furta, barazanar kisa. Wanda aka kashe shi aka bai wa fili ya yi magana, ya ce ko ɗan'uwansa ya miƙo hannu don ya kashe shi, shi ba zai miƙa nasa ba, domin yana tsoron Allah Ubangijin talikai. Kisan kansa a cikin 'yan kalmomi aka wuce shi. Daga nan sai aka nuna mana makashin tsaye da gawa bai san yadda zai yi da ita ba, har sai da hankaka ya zo yana tona ƙasa ya koya masa, ya yi kukan cewa ya kasa ko abin da hankaka ya iya. Aya ta 32 kuma ta biyo da hukuncin cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne. Babu inda aka bar wa mai karatu ƙofar da zai ce makashin ya burge shi.

Batun "ƙwaƙwalwa" da kuke ta yabo kuwa, finafinai ne suka sayar muku da shi, tarihin masu wannan ta'asa bai goyi bayansa ba. Henry Lee Lucas, wanda aka gina wancan fim na Shikago a kan labarinsa, ɗan gararamba ne da ya yi iƙirarin kashe ɗaruruwan mutane a hannun 'yan sandan Texas, suna ba shi taba da abinci mai daɗi yana amsa duk laifin da aka ajiye masa, har 'yan jarida suka nuna a 1985 cewa yawancin iƙirarin ba zai yiwu ba. Samuel Little, wanda hukumar FBI ta bayyana a 2019 a matsayin wanda ya fi kowa yawan kisa a tarihin Amurka, ya amsa kashe mutum 93 tsakanin 1970 da 2005, kuma an sha kama shi a kan wasu laifuka ana sakinsa. Abin da ya ba shi wannan dogon zango shi ne irin matan da yake zaɓa, matalauta, da yawansu baƙaƙen fata, masu kwana a titi, waɗanda idan an tsinci gawarsu sai a rubuta cewa ƙwaya ce ko hatsari, a rufe fayil. Jeffrey Dahmer ya kashe mutum 17, akasarinsu ba farare ba. A watan Mayun 1991 wani yaro ɗan shekara 14, ɗan asalin ƙasar Lawos, ya kuɓuce masa ya fito titi a birnin Milwaukee, wasu 'yammata baƙaƙe suka kira 'yan sanda suna roƙon a cece shi, 'yan sandan suka gaskata farin mutumin mai magana a natse, suka mayar masa da yaron har ɗaki, ya kashe shi a daren. Wannan sanyin halin da ya burge wasunku shi ne ya ci ran yaron nan.

To, ku ɗaga kai daga waya ku dubi unguwa. Wace ce a garin nan za ta ɓace a yi mako ba a kai ƙara ba? Ita ce innar da ke zama a bakin titi da farantin gyaɗa da ƙullin yaji, tana waige-waige saboda motar baladiyya, wato hukumar gari. Ita ce yarinyar da ta gudo daga gidan kafili, wato ubangidan da ya tsaya mata, ba fasfo ba igama, wato katin izinin zama, take aikin kwana a gidan da ko ƙawarta ba ta san unguwar ba, ta shiga motar wanda ba ta sani ba ƙarfe goma sha ɗayan dare saboda ya rage mata riyal biyar. Idan ba ta dawo ba, 'yan ɗakinsu za su fara cewa wataƙila an kama ta ne tana tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, su jira kiran waya daga Kano ko Damagaram, kuma ko hankalinsu ya tashi tsoron takardunsu zai hana su tunkarar hukuma. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, su Karantina da Gulail da Sabil, maƙwabtan da suka san fitar kowa da shigarsa sun watse, kowa ya kama gabansa. Matan da ake bi a fim ɗin nan, in an cire launin fata da harshe, su ne waɗannan. Saurayin da ya sa hoton makashi a sitatus, 'yar'uwarsa ta fi kama da wadda ke cikin ɗakin baya fiye da yadda shi ya yi kama da mai riƙe da makullin.

Akwai kuma masu dariya. An ce a wata istiraha har maimaita wurin da matar take roƙo aka yi ana kwaikwayon muryarta. Na san wani lokaci tsoro ne yake fita ta hanyar dariya, musamman a gaban abokai inda ba wanda yake son a ga gazawarsa, amma dariya tana da wani aiki da take yi a hankali. Duk wanda ya girma a gidan da ake kallon tashoshin Masar ya san Rayya da Sakina a matsayin abin barkwanci. Mata biyu ne 'yan'uwan juna da suka haɗa kai da mazajensu a unguwar Labban ta Iskandariyya, suka kashe mata 17 saboda awarwaron zinariya, suka binne su a ƙarƙashin ɗakunan da suke kwana, aka rataye su a Disamban 1921. Bayan shekara sittin labarin ya koma wasan dariya a dandamali, yau kowa ya haddace sunan makasan, matan goma sha bakwai kuwa sai mai tonon tsofaffin takardun kotu.

Wata kalma da na ji tana yawo ita ce "ai mahaukaci ne". Ku yi hattara da ita. Yawancin masu irin wannan kisa kotuna sun same su da cikakken hankali, sun san abin da suke yi, shi ya sa suke ɓoyewa. Masu taɓin hankali na gaskiya kuwa, bincike ya daɗe da nuna cewa sun fi zama waɗanda ake cutarwa a kan su cutar da wani. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da aka yi a Saudiyya ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku yakan gamu da wata larura ta wannan fanni a tsawon rayuwarsa. Idan kuka haɗa larura da kisa a baki ɗaya, ɗan'uwanku da ke fama da damuwa a ɓoye zai ƙara ɓuya. Haka nan wanda ya ce fim ɗin ya hana shi barci, kada a mai da shi abin tsokana, zuciyarsa ce take aiki yadda aka halicce ta. In abin ya daɗe masa, layin 937 na ma'aikatar lafiya yana nan dare da rana.

Game da yanka guntayen wuraren kisa ana turawa guruf-guruf, ku sani guruf ɗin dangi akwai yara a ciki, akwai iyaye mata, akwai wadda aka taɓa yi wa irin wannan cin zarafi ba ta gaya wa kowa ba. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan, ta shekarar 2007, a sashe na 6 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga mai haɗawa ko aika abin da ya taɓa tarbiyyar jama'a, kuma baƙo ya san abin da yakan biyo bayan ɗauri. Wannan na duniya ke nan. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta gaya mana cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama. Abin da za a fara buɗe shari'a da shi a wannan rana bai dace a sa masa kiɗa ba.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Wanda ya sa hoton nan ya sauke shi. Sannan yau da dare, kafin ka buɗe wani fim, ka tambayi yayarka ko ƙanwarka ko 'yar ɗakinku sunan unguwar da take aiki, da lambar gidan, da wanda yake kai ta yake dawo da ita, ku kuma yi alkawarin cewa duk motar da za ta shiga da dare za ta turo lambarta. Idan wata ta kwana ba a ji ɗuriyarta ba, kada a zauna zaman "wataƙila tarhil ne". A samu mai igama a cikinku ya kira lambar gaggawa ta 911, ko ya je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku da ke Jidda ya ba da sunanta tun da safe.