Makon da ba mu gaya wa likita ba

Shekara 5 ƙanwata ta yi tana shan maganin ciwon damuwa a nan Kumasi kafin a gane cewa baifola ke damunta, wato ciwon da kan jefa mutum cikin matsanancin baƙin ciki, wani lokaci kuma ya ɗaga shi sama har ya kasa riƙe kansa. Na daɗe ina jin haushin likitoci, amma yanzu na yarda da hannunmu a cikin wannan jinkiri. Duk sanda muka kai ta asibiti a kwance take, ba ci, ba magana. Makon da ta yi ba barci, tana taka keken ɗinki har asuba a shagonta na Aboabo, tana zuba kamar kanya, har ta rabar da atamfofin da mutane suka kawo ɗinki, ba mu taɓa ambatonsa ba, domin a gida an riga an ce mutanen ɓoye ne, an kira malam ya yi ruƙiyya.

Wannan ciwo ba ya fitowa a gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, labarin rayuwar mutum likita yake bi. A ƙa'ida sai lokacin da ciwon ya ɗaga mutum sama ya kai kwana 7, ko kwana 4 idan mai sauƙi ne, kuma sai an tabbatar ba tiramol ko wiwi ne suka jawo shi ba. Wanda aka nuna wa rabin labari kuwa zai rubuta maganin damuwa kaɗai, alhali shi wannan magani yana iya tayar da ɗaya ɓangaren ciwon.

Batun yara ya fi ba ni tsoro, domin can gaggawar cewa baifola ce ita ce matsalar. A Amurka, daga 1994 zuwa 2003, yawan zuwan yara asibiti da sunan baifola ya ninka kusan sau 40, har a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta ware wani suna daban ga yaran da ke fama da yawan fushi kullum. Yaro mai ƙiriniya, mai saurin hasala, wanda ba ya zama wuri ɗaya a makarantar allo, yana iya kasancewa da wata larura daban, ko kuwa wani abu ne ke cin ransa a gida. Galibi ma ciwon ya fi bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara 20 da ɗoriya. Saboda haka idan likita ya ce a dakata a ƙara sa ido, ni ina ganin gaskiya ce ya faɗa, kuma ya fi mini wanda zai laƙaba wa ɗan shekara 8 suna a zama ɗaya, musamman da yake magani irin litiyam yana buƙatar gwajin jini a kai a kai saboda ƙoda.

Yanzu Inna ce ke riƙe da wani ƙaramin littafi, ƙanenmu yana rubuta mata awa nawa ƙanwata ta yi barci kowane dare, da ranar da ta fara yawan magana. Da shi muke zuwa asibiti, kuma likitarta takan fara buɗe shi kafin ta taɓa takardar magani.