Kun Karɓi Kuɗin Yaro, Ina Haƙƙinsa?

Wanda ya zauna ya tsara yadda ake ɗaukar fasinja a doguwar tafiyar jirgin sama bai taɓa goya yaro ba, bai kuma taɓa kwana a tsaye da jariri a kafaɗa ba. Da ɓacin rai nake faɗin haka, domin na gaji da jin ana cewa "ai tafiya da yara sai haƙuri". Haƙuri dai muna yi, har ya zame mana jiki. Amma akwai wahalar da Allah ya ɗora wa uwa, akwai kuma wadda kamfani ya ƙaƙaba mata don ya rage wa kansa kashe kuɗi. A kan ta biyun nan nake magana.

Aikin maigida ne ya kai mu Ingila, iyayenmu kuwa suna Kano, kuma ba zai yiwu yara su tashi ba su san kakanninsu ba. Don haka tafiyar nan dole ce, ba yawon buɗe ido ba. Kuma ba kyauta ake ɗaukar yaran ba. Jaririn da bai kai shekara 2 ba, wanda ba shi da kujera sai cinyar uwarsa, yawancin kamfanoni suna karɓar kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba a kansa, ban da haraji. Ranar da ya cika shekara 2 kuwa sai an saya masa kujera, a kuɗin da ya kusa na babban mutum. Mun biya, ba mu yi gardama ba. To me muka saya da kuɗin?

Tun daga hanya ake fara cutar ɗan Arewa. Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a shekarar 1925, kuma an yi zamanin da mutum zai hau jirgi a Kano ya sauka a Turai. KLM, kamfanin jiragen ƙasar Holan, ta daina zuwa Kano a 2012. Yanzu mai zuwa Landan daga Kano ko dai ya fara kwasar yara da kaya zuwa Abuja ko Legas, ko ya bi jirgin da zai yada zango a wata ƙasa. Daga Abuja zuwa Landan kai tsaye bai fi awa 6 da 'yan kai ba. Amma in an bi ta zango, a fita gida da hantsi, a kwana a kan kujerar ƙarfe a filin jirgin wata ƙasa, a isa washegari yara sun yi laushi, uwa ba ta iya ɗaga hannu. Mai tafiya shi kaɗai da 'yar jakarsa zai ce ai awanni kaɗan aka ƙara masa. Uwa mai goyo da wani a hannu, a wurinta an ninka tafiyar ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon kujeru. A tafiyarmu ta bara, tikiti ɗaya muka yanka, sunan mahaifi ɗaya, ranar haihuwar kowa tana rubuce a gaban ma'aikacin. Amma aka miƙo mini takardun shiga jirgi, ni da goyona a wani layi, babban nawa mai shekara 4 can baya tsakanin wasu maza biyu da bai taɓa gani ba. Na ce wa ma'aikacin, "Malam, dubi shekarun yaron nan." Ya ce jirgi ya cika, da na biya kuɗin zaɓen kujera tun a intanet da ba a yi haka ba, in na shiga in roƙi fasinjoji. Roƙo! Na biya kuɗin kujera, sannan a ce in sake biyan wani kuɗi kafin ɗana ya zauna kusa da ni, in ba haka ba in bi layi-layi da jariri a hannu ina cewa don Allah don Annabi. Wa zai buɗe masa abinci? Wa zai kai shi banɗaki? In iska ta jijjiga jirgi, ko abin shaƙar iska ya faɗo daga sama, wa zai sa masa? Su da kansu suke sanarwa kafin tashi cewa babba ya sa nasa sannan ya sa wa yaron da ke tare da shi. Ta yaya zan sa wa yaron da ke layi goma a bayana?

Kar wani ya ce mini ba a iya gyarawa. Kanada ta kafa doka tun 2019: yaron da bai kai shekara 5 ba a zaunar da shi daf da mahaifinsa ko mai kula da shi, mai shekara 5 zuwa 11 a layi ɗaya ba tare da an raba su da fiye da kujera ɗaya ba, kuma ba a karɓar ko sisi a kan haka. Indiya ma a watan Afrilun 2024 hukumar jiragenta ta umarci kamfanoni su zaunar da duk yaron da bai wuce shekara 12 ba tare da aƙalla ɗaya daga cikin iyayensa. Kwamfutar da ta san ta raba uwa da ɗa don a tatsi ƙarin kuɗi, ta san yadda za ta haɗa su. Ba a so ne kawai.

Sai maganar ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a jikin bangon gaba. Za ki kira tun da wuri, a ce an rubuta. Ki je filin jirgi, a ce ai "buƙata" kika shigar, ba alkawari aka yi miki ba. Gadajen 'yan kaɗan ne a jirgin da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane, yawanci ba sa ɗaukar yaron da ya wuce kilo 10 ko 11, kuma kujerun da ake maƙala su a gabansu su ne ake sayar wa masu son miƙe ƙafa. Sai ki ga ƙato ya baje a wurin yana barci, ke kuma kina can tsakiya da jariri a cinya har gari ya waye, hannu ya sage, ba damar cin abinci domin teburin ba ya sauka in akwai yaro a jikinki. Ma'aikaciya ta zo ta miƙo tire mai zafi a saman kan jariri, ki ce ba inda za ki ajiye, ta wuce. Ba ta dawowa.

A wurin zango kuwa, nan ake ganin rashin tausayi tsagwaronsa. Keken tura yaro da kika miƙa a bakin ƙofar jirgi, wanda aka ce za a ba ki da kun sauka, sai a ce ya wuce cikin kaya, sai can inda za ki. Ga tafiyar ƙafa mai nisa tsakanin ƙofa da ƙofa, ga jakar famfas, ga jakar hannu, ga babban yana barci a tsaye yana jan zaninki. Mu Allah ya taimake mu da goyo, da zani da majanyi an wuce wurin. Amma a wajen binciken tsaro sai a ce ki kwance goyon, yaron da da ƙyar ya yi barci, ki cire takalmi, ki fito da kwalbar madara. Dokar da ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100, wadda aka fara a 2006, ta ware madara da abincin jarirai, an yarda a shiga da su gwargwadon buƙata bayan an duba. Amma ni an taɓa karɓe mini ruwan da na dafa don haɗa madara aka jefa a kwandon shara a gaban idona, na yi bayani har na gaji, jami'in ko kallona bai yi ba. Daren nan da ruwan roba mai sanyi na haɗa wa 'yata madara.

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana fasinjoji, domin su ma ina da magana da su. Yaro ba don iskanci yake kuka a jirgi ba. Iskar cikin jirgi ana matse ta ne ta zama kamar ta saman dutse mai tsayin da ya kai mita 2,400, kuma busasshiya ce, danshinta yawanci bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Idan jirgi ya fara sauka, matsin iska yana ƙaruwa a wajen kunne, sai dodon kunne ya lotsa ciki. Akwai 'yar siririyar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro da ke daidaita wannan matsi, ta yara ƙanana kuwa ta fi ƙunci, tana saurin toshewa, balle in akwai mura. Babba zai yi hamma ko ya haɗiyi yawu ya ji kunnensa ya buɗe. Jariri bai san wannan ba, zafi kawai yake ji. Shi ya sa ake ba shi nono ko fida lokacin sauka, don haɗiyar ta buɗe masa hanyar. Wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ba ta yi ba. To a irin wannan hali ne za ki ji tsaki daga baya, wani ya juyo yana harara, wata ta ce da ƙarfi don ki ji, "Wasu dai ba su iya tarbiyya ba." Tarbiyyar me za a yi wa ɗan wata takwas da kunnensa ke ciwo?

Wanda ya fi tayar mini da hankali ma shi ne mai ba da shawara. Wata dattijuwa, da kyakkyawar niyya, ta dafa ni ta ce, "'Yar nan, ai da kin ɗura masa maganin mura mai sa barci, da kin huta mun huta." Na ce, "Mama, ba zan iya ba." Wallahi wannan shawara tana yawo a tsakanin matanmu, kuma haɗari ce. Promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi har ya kai ga mutuwa. A sama, tsakanin gajimare, inda babu asibiti, a nan za a ce in bugar da ɗana da magani don wani ya samu barci? Ba da ni ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ba haka muke ba. Ki shiga motar haya daga Kano zuwa Maiduguri da yara biyu, kafin a kai Wudil wata ta karɓi ɗaya ta ɗora a cinya, wani ya saya masa ayaba, in kika ce direba ya tsaya yaro zai kama ruwa, mota guda za ta taya ki magana. Mutanen nan ne dai, amma da an shiga jirgi an sa bel, sai kowa ya toshe kunne ya zama baƙo. Ban manta da wata baiwar Allah 'yar Damagaram da ta karɓi 'yata ta yi ta jijjiga ta a tsaye don in samu in kai yayanta banɗaki ba, Allah ya saka mata da alheri. Amma bai kamata tafiyar uwa ta rataya a kan ko za ta dace da mai tausayi ba. Su kuma iyaye maza da ke tafiya tare da iyali, su sa abin rufe ido su yi ta minshari matar tana fama da biyu, Alhaji, yaran nan naka ne. Karɓi ɗaya.

Banɗakin ma abin takaici ne. Ba kowanne ke da allon canza famfas ba, wanda ke da shi kuwa ko juyawa ba a iya yi a ciki. Abincin yara sai an nema tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kuma ba wanda zai gaya miki haka lokacin da ake karɓar kuɗinki. In kin nema ɗin ma, a ce ba a loda shi ba, a kawo wa ɗan shekara 4 shinkafa mai yaji a tsakar dare.

In an yi jinkiri ko an lalata kaya kuwa, sun dogara ne da cewa uwar da ta kwana biyu ba barci ba za ta tsaya rigima ba. Kekenmu da ƙafa a karye ya fito, ma'aikacin ya ce keken yara ba ya cikin abin da suke biya. 'Yan'uwa mata, kar ku yarda da wannan magana haka kawai. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da aka miƙa masa, kuma tun ƙarshen Disambar 2024 iyakar diyyar ta kai kimanin dala 2,000 ga kowane fasinja. Sharaɗin shi ne a shigar da ƙorafi a rubuce cikin kwana 7 da karɓar kayan da suka lalace. Ki cike takardar tun kafin ki bar filin jirgi, ko da yaran suna kuka, ki ɗauki hoto. Haka kuma jirgin da ya tashi daga Birtaniya ya makara fiye da awa 4 a doguwar tafiya bisa laifin kamfani, diyyarsa fam 520 ce, na ƙasashen Tarayyar Turai kuma yuro 600. Amma in daga Najeriya kika taso a jirgin da ba na Birtaniya ko Turai ba, wannan doka ba ta rufe ki. Uwa ɗaya, yara ɗaya, kamfani ɗaya, amma darajarta ta danganta da inda jirgin ya fuskanta.

Shi ya sa nake kira ga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da ta sa wannan magana a gaba. Duk kamfanin da ke ɗibar fasinja daga Kano, Abuja ko Legas a tilasta masa ya zaunar da ƙaramin yaro kusa da uwarsa ko ubansa ba tare da ƙarin kuɗi ba, tun lokacin yankan tikiti, ba a bakin ƙofa ba. Kujerun gaban bango a fara ba masu jarirai kafin a sayar wa masu miƙe ƙafa. Keken da aka karɓa a bakin ƙofa a mayar da shi a bakin ƙofa, har a wurin zango, in ba zai yiwu ba a tanadi na aro. Kamfanin da ya saɓa kuma a ci shi tarar da za ta fi ƙarfin abin da yake samu daga sayar da zaɓen kujera, a kuma bayyana sunansa kowa ya ji.