Hayar asibitin haƙori: tsadar Ingila da arahar Kano

Wanda ya ji kuɗin hayar shago a Landan zai ɗauka likitocin haƙori na Kano da Abuja a daula suke. Ni da nake zaune a Ingila ina kallon ɓangarorin biyu, ban yarda ba.

Asibitin haƙori ba shagon atamfa ba ne da za ka kwashe kaya a mota ɗaya ka koma wani layi. Kafin a zaunar da majinyaci na farko sai an fasa daɓe an binne bututun ruwa da na iska da na zuƙe yawu har ƙarƙashin kujera, an ware ɗakin dafa kayan aiki, an gyara bangon wurin ɗaukar hoto, an ƙara ƙarfin waya. Duk wannan kuɗi a ginin wani kake zuba shi, ranar tashi kuma ba ya bin ka.

A nan Ingila tsada ba ta ɓuya. Bisa al'ada sau 4 ake biyan haya a shekara: 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba. Yawancin yarjejeniyoyi kan ɗora wa ɗan haya gyaran gini da kuɗin inshora, ga harajin wurin kasuwanci, in zai fita kuma sai ya mayar da wurin yadda ya same shi. Idan mai gini ya ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan haya, likitan haƙori ba ya iya karɓo shi, domin aikin jinya ba ya cikin wannan haraji. Sannan ba ya taɓa bakin kowa sai ya yi rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci a Ingila. Amma akan ƙulla hayar ta shekara 10 ko 15 a rubuce, kuma dokar haya ta 1954 ta ba ɗan kasuwa damar sabuntawa, sai fa in tun farko ya sa hannu ya yafe wannan dama. Da irin wannan takarda yake tunkarar banki.

A gida fa? Kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, kowanne yakan kai kashi 10. Wannan duk da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne matashin da ya gama karatu a Jami'ar Bayero, ya yi aiki a Asibitin Malam Aminu Kano, ya tattara abin hannunsa da na 'yan uwa ya kama gida a Nasarawa ko titin Gidan Zu. Shi zai haƙa burtsatse, shi zai sayi janareta, domin injin haƙori ba ya jiran a kawo wuta. Wutar ma a Afrilun 2024 an kai ta naira 225 kan yunit ga masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta. Shekara na zagayowa, mai gida ya ga motoci a ƙofa, sai ya aiko: “Likita, haya ta ƙaru.” Ya san bututu na ƙarƙashin ƙasa, ya san likitan ba inda za shi. In ya yi gardama, notis na wata 6 ne iyakar gatansa. Araha ba ta ado.

Ba ina cewa masu gidaje mugaye ba ne. Su ma siminti da faɗuwar naira sun taɓa su. Amma ƙarin nan a kan mai ciwon haƙori yake ƙarewa, shi ya sa wanda za a iya cike wa rami yake cewa a cire kawai, wani ma ya nufi wanzami.

'Yan uwana likitoci, kada ku fasa daɓen kowa sai an rubuta haya ta aƙalla shekara 5, an faɗi lokacin ƙari da iyakarsa, an kuma faɗi wanda zai biya gyaran da aka yi in aka ce ku tashi. Hukumar PHIMA da ke ba asibitoci masu zaman kansu izini a Kano, da ƙungiyar likitocin haƙori, su fitar da samfurin yarjejeniyar da matashi zai miƙa wa mai gida tun ranar da dillali ya kai shi ganin wuri.