Takardar sabis ta ce an duba iska, geji ya ce ba haka ba

Wata biyu da suka wuce na kai motata sabis wani babban garejin dila a Kano, irin wanda ake zaunar da kai a ɗaki mai sanyi, a kawo maka ruwa, kana hango makanikai ta cikin gilashi suna kai-komo. Aka juye baƙin mai, aka sauya filta, aka wanke motar fes, sannan aka miƙo mini takarda mai layi fiye da 20, kowane layi da maki a gabansa. Layin iskar taya ma an yi masa maki. Na biya, na yi godiya, na kama gabana.

Washegari bayan sallar asuba zan ɗauki hanyar Kaduna. Akwai wani ɗan gejin awon iska mai kama da biro da yayana ya ba ni, shi da ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Kano da Legas, kuma ya yi mini kashedin kada in fita gari ban durƙusa gaban tayoyina ba. Na durƙusa. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce psi 32 gaba da baya (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Tayar gaba ta dama ta nuna 44, ta hagu 41. Ta baya ɗaya 33, ɗayar 25. Na buɗe but na auna safaya, gejin ko motsin kirki bai yi ba.

Da na dawo daga tafiya na koma garejin da takardar a hannuna. Manajan sabis bai yi gardama ba. Ya kira wanda ya yi aikin, yaro ne matashi, ya sunkuyar da kai ya ce: "Yallabai, na zagaya na duba su, na ga duk a tsaye suke." Na yarda da shi, gaskiya ya faɗa. Da ido ya duba, kuma a nan matsalar take.

Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tayar zamani wannan magana ba ta aiki. Yadda ake ƙera taya yanzu, ko iskarta daidai take za ka ga ta ɗan yi tumbi a ƙasa, kuma za ta iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta kana kallo ba ka ga bambanci ba. Harbin taya da ƙafa, ko ƙwanƙwasa ta da sifana kamar yadda 'yan tasha suke yi, ba ya gaya maka komai sai cewa ba ta sace gaba ɗaya ba.

Matsayina a kan wannan al'amari ɗaya ne. Duk girman garejin da kake kai motarka, duk yawan kuɗin da kake biya, awon iskar taya aikinka ne kai mai mota, kuma shi ne hanya mafi sauƙi da za ka gane ko garejin ya cancanci amanar da ka ba shi.

Na san abin da wani zai ce. Ai don kada in wahala nake biyan dila kuɗi ninki biyu ko uku na abin da makaniken bakin hanya zai karɓa. Suna da kwamfutar duba inji, suna da kayan gyara na asali, suna da littafin kamfani, kuma idan motar sabuwa ce garantinta ma ya rataya a kan yin sabis a wurinsu. Duk wannan gaskiya ne, ni ma saboda haka nake zuwa, kuma ban daina ba. Amma ko da a ce garejin ya auna iskar daidai wa daida, aikinsa na rana ɗaya ne. Sabis sai bayan wata uku ko shida, ko bayan kilomita dubu biyar zuwa dubu goma. Ita kuwa taya, ko babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, tana zubar da kusan psi ɗaya zuwa biyu duk wata, ta jikin robar kanta da bakin bawul. Yanayi ma yana taɓa ta: duk saukar zafi da digiri biyar ko shida yana rage kusan psi ɗaya. Wanda aka daidaita masa iska a ƙarshen damina, kafin hunturu ya kankama tayarsa ta yi ƙasa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Babu dilan da zai biyo ka gida ya gyara wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne makin da aka yi a takardar. Mai mota ba zai iya kwance birki ya ga ko an duba shi ba. Ba zai iya sanin ko man giya da aka ce an ƙara an ƙara ɗin ba. Cikin layuka ashirin da wani abu, iskar taya ce kaɗai zai iya tabbatarwa da hannunsa cikin minti biyar. To idan wannan layin ya fito ba daidai ba, da wace zuciya zai karɓi sauran? Ba zargin sata nake yi ba. Gareji mai cunkoso, motoci sun yi layi, ana ƙirga wa makanike yawan motocin da ya sallama, abin da ba ya kawo kuɗi shi ake fara tsallakewa. Iska kyauta ce, ba ta shiga rasit, don haka ita ce ta farko da ake yi wa kallo ɗaya a wuce. Har a sababbin motoci abin yana faruwa. Kamfanoni kan cika tayoyin da iska fiye da ƙima kafin a loda motar a jirgin ruwa, don kada ƙasan tayar ya baje saboda doguwar tsayuwa, kuma dila ne ya kamata ya rage kafin ya miƙa makulli. Idan ya manta, mai sabuwar mota zai yi ta mamakin yadda take dukansa a kowane ɗan rami.

Sai kuma mai faci, wanda a gaskiya shi ne likitan tayar yawancinmu. Ina girmama mutanen nan. Suna zaune cikin rana da ƙura, kuma idan taya ta yi faci da dare a hanyar Zariya, su za ka samu, ba dila ba. Amma ka tsaya ka ce a ba ka iska, ka ji tambayar: "Oga, arba'in ko hamsin?" Kusan ba wanda zai buɗe ƙofa ya karanta abin da kamfanin motar ya rubuta. Wanda ya so nuna ƙwarewa sai ya karanto lambar da ke jikin tayar, 44 ko 51, ya ce ga abin da aka rubuta. Wannan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka take buƙata ba. Taya iri ɗaya ana sa ta a motoci masu nauyi daban-daban, shi ya sa mai ƙera motar ne yake faɗin adadin, a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin mota. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke. Gejin mai facin kuma sau nawa ya faɗi ƙasa, sau nawa aka taka shi? Ba laifinsa ba ne, ba wanda yake zuwa ya gwada masa ingancinsa.

Iska idan ta yi yawa, tsakiyar tayar ne kawai yake taka kwalta. Tsakiyar ya sude da wuri, riƙon hanya ya ragu, birki ya ƙara tsawo musamman a kan ruwa, kuma rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fitar mata da ƙulu a gefe. Wannan asara ce. Amma ƙarancin iska shi ne mai kisa, kuma a nan ne wata fahimta da ta yaɗu tsakanin direbobinmu take jefa mutane cikin haɗari. Za ka ji direba ya ce zafi ya yi yawa, bari a rage iska kada taya ta fashe a hanya. Abin a juye yake. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Wannan murɗawa ita ke haifar da zafi a cikin robar, har wayoyin ciki su rabu da ita, tayar ta tarwatse ana cikin gudu. Ka haɗa wannan da kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, da lodin fasinja da buhuna. Tayar da ta yi gudu dole iskarta ta ƙaru da psi huɗu zuwa shida, kuma masu ƙera ta sun san da haka, sun yi lissafinsa. Wanda ya tsaya a Kwanar Dangora ya auna ya ga 37 ya sace biyar, ya mayar da tayarsa 27 ne idan ta huce, bai sani ba. Shi ya sa ake awo da safe kafin a motsa, ko bayan motar ta huta awa uku.

Amurkawa sun koyi wannan da rayuka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa bayan da suka riƙa ɓarewa a kan motocin Ford Explorer, motocin suna wuntsilawa, musamman a jihohi masu zafi. Cikin abin da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da iska: Ford ta rubuta 26 a jikin motar, Firestone ta ce 30 ya kamata. Bambancin psi huɗu kenan. A shekarar ce majalisar dokokin ƙasar ta yi doka, kuma daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Amurka sai tana da na'urar gargaɗin iska. Da yake yawancin motocin da muke saye na hannu daga can suke zuwa, wannan fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, tana gaban dubban direbobi a nan. Wasu sun shekara tana kunne, an ce musu "sensa ce kawai". Wani lokaci gaskiya ne, batirin na'urar yakan mutu bayan wasu shekaru. Amma ko lafiyarta ƙalau, dokar ta ce ta kunna ne idan iska ta yi ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Motar da ke son 32, sai ta kai 24 fitilar za ta yi magana. Kafin nan an daɗe ana cin taya da mai.

Mu ma ba mu rasa abin tunawa ba. Ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan da tayar motarsu ta fashe. Babbar mota ce mai tsada. Taya na fashewa saboda dalilai da yawa: tsufa, gudu, lodi, rami, ƙarancin iska. Mu Musulmi mun yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, kuma cikin waɗannan dalilai babu wanda kawar da shi ya kai na iska arha.

Tunda ka durƙusa, ka duba shekarun tayar ma. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Tayar gwanjo da zanenta ke sheƙi tana iya zama ta ninka wannan.

Maganar aljihu kuwa gajeriya ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma taya mai ƙarancin iska tana sa inji jan nauyin da babu shi. Ga kuɗin tayar kanta, wadda za ta sude ta gefe biyu tun kwananta bai ƙare ba. Gejin hannu bai kai kuɗin 'yan litocin fetur ba, kuma yana shiga aljihun gaban mota.

Ga masu garejin dila ina da roƙo, kuma na faɗa wa manajan nan baki da baki. Ku daina yin maki a layin taya. Ku rubuta lamba: nawa kuka tarar, nawa kuka bari, taya huɗu da safaya. Makanike ba zai iya rubuta lamba bai ɗauki geji ba, kuma mai mota zai samu abin da zai gwada da nasa awon. Bambanci tsakanin tayoyin ma labari ne. Tayata da ta nuna 25, da mai faci ya tsoma ta a ruwa, siririyar ƙusa ce a cikinta tana sace iska a hankali. Da an auna ta a garejin, da an gano tun a can, ba a ƙofar gidana da asuba ba.

Makon jiya na sake kai motar. Da aka fito da ita, kafin in sa hannu a takarda, na ciro gejina na zagaya a gabansu. Yaron nan yana tsaye, ya ce: "Yallabai, auna. Talatin da biyu ne duka, safaya kuma na cika ta sittin, ita ƙarama ce, haka aka rubuta a jikinta." Na auna, haka ne. A gefen takardar, da biro, ya rubuta lambobi biyar.