Baje kolin Las Vegas da kayan da ba sa gyaruwa

Abin da ya tsaya mini a rai tun da aka tashi daga baje kolin kayan fasaha na CES, wanda aka yi a Las Vegas ta Amurka a Janairun 2025, shi ne irin tafin da 'yan jarida suka yi ta yi wa kowace na'ura, in dai an manna mata haruffa biyu: AI, wato ƙirƙirarriyar basira. Sama da mutum 140,000 suka cika Las Vegas, aka yi layi don sauraron Jensen Huang, shugaban kamfanin Nvidia, aka ɗauki hotunan firji mai allo da gadon jariri mai kyamara. Da ƙyar ka ji wanda ya yi tambayar da kowane mai saye a kasuwa zai fara yi: in ta lalace, wa zai gyara?

Na yi wannan tambaya a wata ƙaramar rumfa cikin zauren Venetian, inda ake jera sababbin kamfanoni. Burushin goge baki ne mai haɗuwa da waya, sumul, babu ko ƙusa ɗaya a jikinsa, an liƙe shi da gam ta ko'ina. Na juya shi ina neman inda ake buɗewa, na tambayi saurayin da ke tsaye yadda ake canza batir. Ya yi murmushi ya ce ai kafin batirin ya mutu sabon samfuri ya fito. Ba shi da laifi, abin da aka koya masa ke nan, kuma a kan wannan tunani aka gina rabin abin da ke cikin zaurukan.

Ƙungiyoyin kare masu saye, ciki har da iFixit mai koyar da gyaran na'urori, kan ba da lambar kaya mafi muni a kowane CES. A 2025, a ɓangaren rashin gyaruwa, sun zaɓi wani zoben kamfanin Ultrahuman na kusan dala 2,200 wanda ba a iya canza batirinsa sai an lalata zoben. Makonni kaɗan bayan haka kamfanin Humane ya sayar da kansa ga HP, ya kashe kwamfutocin da na'urarsa ta AI Pin, wadda ake maƙalawa a riga a yi mata magana, ke dogara da su a ƙarshen Fabrairu. Waɗanda suka biya dala 699 suka wayi gari da abin da ba ya amsa musu magana. Kayan da ke daina aiki ranar da kamfanin da ya ƙera shi ya rufe ofis, haya aka ba ka, ko da an rubuta maka rasit na saye.

Masu kare wannan salo za su ce baje koli wurin nuna gobe ne, ba kasuwa ba. Haka aka ce game da talabijin mai 3D a 2010, zuwa 2017 LG da Sony sun daina ƙera ta.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar Amurkawa ce kaɗai. Wayar da Bature ya gaji da ita, bayan shekara biyu ko uku tana kan tebur a Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja. Dubban samari na ci da iyalinsu daga canza gilashi da batir da wurin caji, kuma su ne ke tsawaita ran kayan da aka yanke wa hukuncin bola. Yanzu wasu kamfanoni na ɗaure kowane sashe da lambar wayar, ta yadda ko ainihin nasu ka ciro daga wata wayar ka sa, sai ta riƙa ƙorafi ko wani abu ya daina aiki. Wannan zalunci ne da gangan, kuma bakin mai gyara ake toshewa.

Doka ce kawai ke lanƙwasa su. Sai da Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya sannan Apple ta koma cajar USB-C a wayoyinta na iPhone a 2023. Faransa tun 2021 take sa a rubuta wa mai saye makin sauƙin gyara, jihar Oregon kuma ta hana ɗaure sassa da lamba. Hukumominmu irin su SON mai kula da ingancin kaya da NCC mai kula da sadarwa, da ke da ikon tantance abin da ke shigowa, ya kamata su fara tambayar ko kayan na gyaruwa kafin su buga hatimi, maimakon jami'ai su riƙa zuwa irin waɗannan taruka suna dawowa da hotuna.