Tayar Mota Da Darasin Da Na Haddace Ban Fahimta Ba

Wata safiya ce a watan Janairu a nan Manchesta ta Ingila, ƙarfe 7:30 amma gari bai gama wayewa ba. Fitilun titi na ci, ƙanƙara ta manne a gilashin mota sai da na kankare ta da wata 'yar roba da ake sayarwa don wannan aikin. Maƙwabta kowa ya naɗe wuya, numfashi na fita daga baki kamar hayaƙi. Ina tayar da mota sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama, alamar iskar taya ta ragu. Na ce shi ke nan, na taka ƙusa. Sai ɗana mai shekara 12 ya ce daga kujerar baya, "Abba, ba faci ba ne, sanyi ne."

Ya ce iskar da ke cikin taya ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna ta gudu suna dukan jikin robar daga ciki, kuma wannan dukan ne ke tsayar da taya. In sanyi ya tsananta sai gudunsu ya ragu, dukan ya yi rauni. Muka tsaya gidan mai. A nan babu mai faci, wata na'ura ce a gefe, ka saka kuɗi, ka danna lambar da kake so, ka durƙusa cikin sanyi ka yi da kanka. Tayoyin huɗu duk sun ragu daidai wa daida. Gaskiyar yaro ce.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Na ci kemistiri da kiredit a WAEC. Har yau zan iya zayyano maka dokar Boyle ta 1662, cewa in ka matse iska wurinta ya ragu matsinta zai ƙaru, da dokar Charles kan zafi da kumburar iska. Na rubuta su ba adadi, amma ban taɓa haɗa su da tayar mota ba.

Da na je makarantarsu ranar ganawa da iyaye na ga dalili. Kowane tebur da famfonsa da bututun gas, tabarau na kariya a jere a bango. Ana ba yaro sirinji marar allura, ya toshe bakin da yatsa ya danna: iska ta matsu, ya zuba ruwa ya sake dannawa, ruwa ya ƙi. A ɗaura balan-balan a bakin kwalba, a tsoma kwalbar a ruwan zafi, yana kallo ta kumbura. Tun suna shekara 8 ake fara nuna musu bambancin sandararren abu da mai ruwa-ruwa da iska. Mu kuwa kun san yadda aka yi, allo da alli, ɗakin gwaji a kulle sai jarrabawa ta matso.

Ban ce hadda ba ta da amfani ba, kuma malamanmu sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da suka samu. Amma sirinji da balan-balan nawa suke a kasuwar Sabon Gari? Ba kuɗi muka rasa ba. An koya mana cewa kimiyya a cikin littafin Turanci take zaune, alhali gidajenmu cike suke da ita. Mai facin bakin tasha ya san ba a cika wa taya iska fiye da kima a watan Afrilu in za a kama hanyar Maiduguri. Randa na sanyaya ruwa ne saboda wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya tafi da zafi. Da wannan sanin Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a shekarar 2000. Da an yi mana bayanin iska da harshenmu, da mutane da yawa sun daina kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, don iskar da ke kisan ba ta da wari, ba ta da launi.

Ranar Juma'a na kira Hajiya, na ba ta labari, ta yi ta sa wa yaron albarka. Ta ce a ba ta shi ya gaya mata me ya sa ruwan randarta ya fi na jarka sanyi. Ya sani sarai. Ya fara, "Hajiya, ruwan yana... yana..." sai ya kalle ni, ya miƙo mini wayar. Na karɓa, na ga ni ma da Turanci kalmomin ke zuwa mini.