Tsohuwar Bas a Bronx Ba Hayis Ɗin Kano Ba Ce

Ranar da na je sayen motar aikina ta farko a nan Bronx, a birnin New York, da idon Kano na je. Na sa mai ita ya tayar da injin, na kasa kunne, na zaro sandar baƙin mai na murza a yatsa, na zagaya baya na duba ko salansa na hayaƙi. Komai lafiya lau. Farar bas ce ta ɗaukar kaya, irin manyan nan marasa tagogi da masu fenti da masu gyaran famfo ke yawo da su, ƙirar 2003, ta ci mil kusan 200,000. Na ƙirga dala 4,500 na miƙa. Ban durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba, don a gida ba a taɓa koya mini cewa ta ƙasa mota ke mutuwa ba.

Bayan wata huɗu, da sassafe, ina ɗauke da kayan wani shago, na taka birki sai ƙafata ta nutse kusan har ƙasa. Allah ya kiyaye, a hankali nake tafiya kuma ba kowa a gabana. Da aka ɗaga ta a wani gareji a Jerome Avenue, makaniken ya haska tocila ya yafito ni. Bututun man birki, siririn ƙarfen nan da ke bin jikin shasi har tayoyin baya, ya taɓa shi da sukudireba sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Aikin gishiri ne. Duk lokacin sanyi ana watsa shi a tituna don narkar da ƙanƙara, ya riƙa fallatsuwa yana maƙalewa a ƙarƙashin mota, shekara da shekaru tsatsa na ci ba wanda ya gani. Kuɗin bututun bai taka kara ya karya ba, amma takardar da aka miƙo mini dala 900 ce.

Sauran duk kuɗin hannu ne. A nan da awa ake lissafin aikin makanike, kuma a birnin New York da wuya ka samu ƙasa da dala 100 a awa ɗaya. A Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, akasin haka ne: kayan gyara ke kashe mutum, musamman tun da naira ta faɗi a 2023, hannu kuwa kamar kyauta.

Su kuma waɗannan motoci kamar an ƙera su ne don su ci awoyi. Ford Econoline, wadda aka daina yin ta ɗaukar kaya bayan 2014 Transit ta gaje ta, da Chevrolet Express da tagwayenta GMC Savana da suke nan tun 1996 ba su canza sosai ba, duk hancinsu gajere ne. Rabin injin yana cikin motar, sai an cire murfin da ke tsakanin kujerun gaba kafin a kai gare shi. Canza fulogi takwas, da ake gamawa kafin shayi ya huce a wata motar, a nan yana iya cin rabin yini. Kowace kuma da ciwonta da makanikai suka haddace. Injin Ford mai lita 5.4 na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 an san shi da tofar da fulogi, saboda zaren da ke riƙe shi a kan injin kaɗan ne, kuma kan na alminiyam ne. Sai an dasa sabon zare na ƙarfe. Ƙusoshin da ke riƙe bakin salansa a jikin injin suna karyewa, ka ji tana ƙas-ƙas da safe har sai ta yi zafi. Famfon mai yana cikin tanki, in ya mutu sai an sauke tankin gaba ɗaya. Ƙafar gaba kuwa, nauyin kaya da ramukan titi ba sa barin ta ta daɗe.

Babban dodo shi ne giyabos. In ya fara zamewa, gyaransa na kaiwa dala 2,500 zuwa 4,000, wato kusan kuɗin motar. Shi ya sa za ka shiga filayen tsofaffin motoci a Hunts Point ka ga bas mai lafiyayyen inji an jingine ta tana jiran a murƙushe ta. Raina yana ɓaci duk sanda na gani. Da a Kano ce, da ta ƙara shekara goma tana jigila.

Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke sallah tare, ya shekara da yawa yana wannan aiki na ɗaukar kaya, shi ya fara ankarar da ni. Ya ce, "Ɗana, a ƙasar nan tsohuwar mota ta mai iya gyara da hannunsa ce. In ba ka iya ba, ga makanike kake yi wa bauta." Na ce, "Baba, ai a gida tsohuwar mota ba ta mutuwa." Ya ce, "Wa ke raya ta?"

Tambayar nan ta zauna mini. Yayana yana da Hayis da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya, ta girmi bas ɗina. Na sha zama a garejin da ake duba ta. Makaniken zai shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashinta tun hantsi har la'asar, shi da yaransa biyu su sauke giyabos da ƙarfin damtse, ya warware shi a kan buhu, ya gano haƙori ɗaya da ya ci, ya aika yaro kasuwa a samo na Beljiyam. A nan Amurka ƙalilan ne ke irin wannan aikin, yawanci cirewa ake yi a sa wani. Amma a gida da makaniken ya faɗi kuɗinsa sai a fara, "Haba Oga, ai mun zama ɗaya." Ni ma na yi. Ina ganin mun ci haƙƙin mutanen nan, kuma arahar da muke alfahari da ita guminsu ce da ba mu biya ba.

Ba kuma zan ce komai na gida daidai ne ba. Na ga an cire tamostat, mai daidaita zafin inji, an yar wai zafin ƙasarmu ba ya buƙatarsa. Na ga an daddage bututun birkin taya ɗaya da guduma don ya daina yoyo, aka loda fasinja goma sha takwas aka kama hanya. A jihar New York kowace shekara sai an duba birki da sitiyari da fitilu kafin a manna maka takarda a gilashi, kuma duk da kuɗin da hakan ke ci mini, ina bayansa ɗari bisa ɗari, don na san yadda zuciya ke yi in birki ya nutse.

Yanzu kafin sanyi ya shigo nakan shiga ƙarƙashinta da tocila, in bi bututun nan da hannu tun daga gaba har baya, kuma duk bayan zubar dusar ƙanƙara sai na kai an wanke mata ciki. Makon jiya Yaya ya kira ya ce birkin Hayis na baya yana yoyo. Na ce, "Yaya, don Allah kada a daddage shi, a sa sabo, kuma abin da Oga ya faɗa a ba shi cif." Na tura kuɗin a daren.